Wa Ya Gyara Wannan Kalmar? Amfani da Git a Aikin Ɗaliban Kimiyyar Harshe

Duk malamin da ya taɓa duba aikin haɗin gwiwa na ɗalibai ya san irin sunayen da fayilolinsu suke zuwa da su: "kalmomi", "kalmomi sabo", "kalmomi na ƙarshe", "kalmomi na ƙarshe wanda Malam ya gani". Wani yana cikin kwamfutar wannan, wani yana cikin wayar wancan, babu kuma wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne ingantacce. A wasu fannonin, ɓata lokaci ne kawai. A kimiyyar harshe asarar ta wuce nan, domin abin da yake salwanta tsakanin fayil da fayil shi ne hujjar nazarin kanta. Dattijo ya ce "tahi", kamar yadda ake ji a wurare da dama na Nijar. Ɗalibin da ya saurare shi ya rubuta "tahi". Abokin aikinsa, wanda idonsa ya saba da Daidaitacciyar Hausa, ya ɗauka kuskuren bugu ne, ya mayar da ita "tafi". Bayan wata uku sai a rubuta a kundi cewa mutanen wurin "tafi" suke cewa. Babu wanda ya yi ƙarya, amma an shafe wata siffa ta karin harshe, kuma babu takardar da za ta nuna wanda ya shafe ta da ranar da ya yi hakan.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da samun maganin wannan ciwo, wato tsarin adana tarihin canje-canje. Wannan darasi ya dubi yadda ɗaliban harshe za su kafa shi tun ranar farko, da yadda za su tsara fayilolinsu don tsarin ya yi musu amfani.

Fagen misali

Alakos ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gure, cikin jihar Damagaram, tsakanin Damargu da Kutus, cibiyarta kuma garin Garazu. Yanki ne da Dagira, waɗanda suke reshe ne na Barebari, suke zaune tare da Buzaye da Fulani, Hausa kuma tana shiga tsakaninsu a kasuwa da sauran hulɗa. Wurin da harsuna suke gogayya haka shi ne mai nazarin aron kalmomi yake nema.

A ƙaddara cewa ɗalibai uku sun ɗauki aikin tattara sunayen dabbobi da kayan rijiya da na noman gero a can, da Hausa da Barbarci da Buzanci, sannan su rubuta ɗan umarnin kwamfuta da harshen Python wanda zai ƙirga kalmomin ya fito da waɗanda suka yi kama da juna. Ɗaya zai yi makonni a ƙauyuka, inda ba a dogara da intanet ko wutar lantarki. Biyu za su zauna a Zinder, ɗaya yana duba rubutu, ɗaya yana rubuta umarnin. Mutum uku, harshe uku, fayil guda da kowa yake son taɓawa.

Darasin ƙamusoshin Nijar

Wahalar da ke jiran waɗannan ɗalibai ta riga ta sami manyansu. Shirin tallafa wa ilimin tushe na Soutéba ya fitar da ƙamusoshi huɗu don makarantun firamare na Nijar: na Barbarci da Faransanci a 2004, na Buzanci da na Zabarmanci a 2007, na Hausa kuma a 2008, mai ɗauke da kalmomi sama da 7,000. An shirya su ne don a buga a takarda, cikin fayilolin Word. Da aka zo ɗora su a intanet, cikin aikin da ake kira DiLAF, wanda Chantal Enguehard ta Jami'ar Nantes da Mathieu Mangeot suka gudanar tare da masana harshe na Nijar da maƙwabtanta, sai aka tarar cewa abin da ido yake gani daidai a shafi ba lallai ne ya zama daidai a wurin na'ura ba. Sai da aka mayar da haruffa na musamman zuwa lambobinsu na Unicode, aka kuma bi kowane sashe na bayanin kalma, wato ita kalmar da furucinta da rukunin nahawunta da ma'anarta da misalinta, aka ba shi alamarsa a tsarin XML. A nan ne kura-kuran da takarda take ɓoyewa suka fito fili, irin su sunan rukunin nahawu guda da aka taƙaita ta hanyoyi dabam-dabam.

Abin koyi a aikin nasu shi ne bin mataki-mataki. Sun fara da kwafin da yake bin asalin ƙamus yadda yake, daga shi aka fitar da siffar da aka daidaita, daga ita kuma aka fitar da wadda ake wallafawa. Asali yana nan ba a taɓa shi ba. Wannan rabe-raben shi ne ƙashin bayan tsarin da za a bayyana a ƙasa.

Mene ne Git?

Tunanin adana tarihin fayil ya girmi yawancin malaman jami'a na yau. Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a Bell Labs ta Amurka a 1972, aka yi RCS a 1982, daga baya CVS da Subversion. Git kuwa Linus Torvalds ne ya rubuta shi a watan Afrilu na 2005, lokacin da masu gina Linux suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, sannan ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano a cikin wannan shekarar. Ɗalibai da yawa suna haɗa Git da GitHub, alhali dabam suke. Git manhaja ce ta kyauta da take aiki cikin kwamfutar mutum. GitHub kamfani ne da aka buɗe a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018, yana ba da wurin ajiye kwafin aiki a intanet.

Bambancin yana da muhimmanci ga mai zuwa Alakos. A Subversion tarihin yana wata kwamfuta ta tsakiya, sai an sadu da ita ake ajiye canji. A Git kowane ɗan ƙungiya yana riƙe da tarihin gaba ɗaya a kwamfutarsa. Wanda yake Garazu zai iya ajiye canji hamsin, ya koma baya, ya gwada siffar jiya da ta yau, duk ba tare da intanet ba.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Foldar aikin tana zama rumbu. Duk lokacin da mutum ya kai wani matsayi, sai ya umarci Git ya ɗauki hoton yadda fayilolin suke. A wannan darasi za a kira kowane irin wannan hoto zango. Zango yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, da lokaci, da ɗan bayanin dalili, da shaidar zangon da ya gabace shi, da kuma lamba mai haruffa 40 da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Saboda haka ba a iya sauya tsohon zango a ɓoye ba tare da lambarsa da ta duk waɗanda suka biyo bayansa sun canja ba. Wanda ya san yadda malaman hadisi suke bin isnadi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kafin zangon farko

Yawancin ɗalibai suna gaggawar koyon umarnin Git, alhali nasara ko faɗuwar aikin tana ga shawarwarin da ake yankewa kafin a buga umarni ko ɗaya. Dalilin shi ne Git layi-layi yake gwada rubutu. Fayil na Word ko na Excel dunƙulallen abu ne a wurinsa: zai adana shi, amma ba zai iya nuna kalmar da ta canja ba, ba kuma zai iya haɗa gyaran mutum biyu ba. Don haka jerin kalmomin ya kasance a tsurar rubutu, kowace kalma da layinta, ginshiƙai a rabe da maɓallin tab: lamba, kalma yadda aka ji ta, daidaitacciyar siffa, harshe, ma'ana, ƙauye, alamar mai magana. Da zarar "tahi" ta sami ginshiƙinta, "tafi" ta sami nata, to mai son gyara ya sami inda zai huce ba tare da ya taɓa hujja ba.

Lambar nan ta farkon layi ba ado ba ce. Kwamfuta tana jera haruffa ne bisa lambobinsu na Unicode idan ba a koya mata wani tsari ba. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ƴ 436, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Ke nan Python zai kai "ƙasa" da "ɓera" da "ɗaki" can bayan "zomo", wata manhajar kuma ta jera su ta wata hanyar. Idan ɗalibi guda ya sake jera fayil ɗin don jin daɗin idonsa, Git zai ga kamar kusan kowane layi ya canja, gyara guda na gaske ya nutse cikin dubu na bogi. Ƙa'idar ita ce a bar kalmomi bisa lambar shigowarsu, sabuwa ta je ƙasa, jerin abacada kuma umarnin kwamfuta ya fitar da shi a wani fayil dabam.

Sai batun haruffa, wanda ya fi kowanne cin lokaci. Tun ƙa'idojin rubutu na 1999 Nijar take rubuta ƴ a inda Nijeriya take rubuta 'y. Wannan bambanci sananne ne. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne ita alamar ɗauri kanta tana da siffofi da yawa a kwamfuta: akwai miƙaƙƙiya ta kan allon bugu, akwai lanƙwasassu biyu da Word yake sakawa da kansa, ɗaya a farkon kalma ɗaya a tsakiya, akwai kuma wadda Unicode ya tanada a matsayin harafi. Kalmar "ƴaƴa" za ta iya shiga fayil da siffa huɗu ko biyar, umarnin ƙirga kuma ya ɗauke su kalmomi dabam-dabam. Barbarci da Buzanci suna da nasu tarkon. Wasalin ǝ da suke rubutawa yana da tagwai, ə, wanda masana tsarin sauti suke amfani da shi. A ƙaramin baƙi ido ba ya raba su, amma lambobinsu dabam, babban baƙinsu ma dabam: na farko Ǝ, na biyu Ə. Haka nan wanda yake sa alamar karin sauti zai iya buga à a matsayin harafi guda, ko a matsayin a da alama a kanta, harafi biyu ke nan a wurin na'ura.

Maganin duk wannan zama guda ne na minti talatin. Ƙungiya ta zaɓi siffa ɗaya ga kowane harafi, ta rubuta zaɓin a fayil, ta amince cewa komai da UTF-8 za a adana shi. Umarnin farko da ya kamata mai Python ya rubuta ba na ƙirga ba ne, wanda zai karanta fayil ne ya yi ƙorafi idan ya ga harafin da ba ya cikin jerin da aka amince da shi. Layi goma sha biyar sun isa. A kuma yi hattara da Excel wajen fitar da fayil na CSV, domin idan ba a zaɓi nau'in UTF-8 ba, baƙaƙe masu ƙugiya suna iya komawa alamar tambaya. Praat ma yakan adana rubutun da ke da irin waɗannan haruffa da UTF-16, wanda Git ba ya gwada shi layi-layi, sai an sauya zaɓin a cikin manhajar. Fayilolin ELAN kuwa XML ne, suna tafiya lafiya.

Tsarin foldar ba ya buƙatar dogon bayani:

asali/ abin da aka rubuto daga bakin masu magana
gyara/ jerin da aka daidaita
umarni/ fayilolin Python
sakamako/ abin da umarnin ya fitar
README bayanin aikin da ƙa'idojin haruffa

Foldar sakamako ba ta shiga tarihi, tunda ana iya sake fitar da ita a kowane lokaci. Ana rubuta sunanta a fayil mai suna .gitignore, Git ya kau da kai daga gare ta. Sunayen fayiloli kuma gara a bar su ba ƙugiya, ba tazara. Wanda ya sa wa fayil suna da ƙ zai ga Git ya nuna masa \306\231 a madadinta, har sai ya buga git config core.quotepath false.

Umarnin yau da kullum

Kowa ya fara gaya wa Git sunansa da git config, domin da shi za a san mai kowane zango. A duba agogon kwamfuta ma, don daga shi ake ɗaukar kwanan wata, tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu kuma takan koma wata shekara can baya. Mutum ɗaya ya shiga foldar ya buga git init. Daga nan aikin kullum umarni huɗu ne: git status yana nuna abin da ya canja, git diff yana nuna yadda ya canja, git add yana zaɓar abin da zai shiga zango, git commit yana rufe zangon. Ga mai aikin harshe, git diff --word-diff ya fi daɗin karantawa, domin kalmar da ta sauya yake nunawa a cikin layin.

Bayanin da ake rubutawa a kan zango shi ne inda ake gane ɗalibin da ya fahimci abin. "Gyara" ba bayani ba ne. "An mayar da lamba 214 zuwa tahi bayan sake sauraron faifai na 6, minti na 12" bayani ne, domin mai duba aiki zai iya ɗauko faifan ya ji da kunnensa. Kowane zango ya ƙunshi aiki iri ɗaya. Kada a cakuɗa ƙarin kalmomi arba'in da sauya alamar ɗauri da gyaran Python a zango guda, saboda ranar da aka gane ɗaya daga ciki kuskure ne, git revert zai warware su ne gaba ɗaya. Idan an kiyaye wannan, tambayar da ke kan wannan darasi tana da amsa cikin daƙiƙa: git blame yana jera kowane layi na fayil da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe da lambar zangon. Sunan umarnin a Turanci yana nufin ɗora laifi, amma amfaninsa ga mai nazari gano dalili ne.

Daga Garazu zuwa Zinder

Idan akwai intanet, ana buɗe rumbu a GitHub ko GitLab, kowa ya janyo da git pull ya tura da git push. Idan babu, Git yana da wata hanya da ba a cika koyarwa ba. Umarnin git bundle create aiki.bundle --all yana dunƙule tarihin duka cikin fayil guda. Tunda rubutu ne zalla, fayil ɗin ƙarami ne: zai shiga filashi a ba direban motar kasuwa, ko a tura shi ta waya a ranar da aka sami sabis. Na Zinder su buga git pull aiki.bundle main, idan main ne sunan babban reshensu, sai zangunan abokinsu su shiga tarihinsu da sunansa da ranakunsa. Su ma su mayar masa da nasu ta wannan hanya. Ribar gefe ita ce aikin yana wuri uku. Kwamfutar da ƙura ko zafi ko ɓarawo ya tafi da ita ba ta tafi da wahalar wata biyu ba.

Idan mutum biyu suka gyara layuka dabam-dabam, Git yana haɗa su da kansa. Idan layi ɗaya suka taɓa, sai ya tsaya, ya ajiye siffofin biyu a jere cikin fayil, ya jira hukuncin mutum. Sababbin shiga suna tsorata da wannan, har wasu su share foldar su sake kwafowa. Kuskure ne babba. Cin karon yana nufin mutum biyu sun saɓa a kan kalma guda, wani ya ji wasalin dogo wani ya ji gajere, ko wani ya ce Barbarci ce wani ya ce aro ce daga Hausa. Saɓanin da a da yake ɓacewa shiru, wanda ya adana fayil a ƙarshe ya yi nasara, yanzu ya fito gaban kowa. A koma ga faifai, a yanke hukunci, a rubuta dalili.

Reshe kuwa don gwaji ne. Mai son sa alamar karin sauti a kan duk kalmomin ya buɗe reshe da git switch -c, ya yi aikinsa a can, idan ya yi kyau a haɗa, idan bai yi ba a bar shi. Ƙungiyar mutum uku ba ta buƙatar fiye da haka, tsare-tsaren rassa masu sarƙaƙiya na manyan kamfanoni ne. Mai son ganin abin a aikace ya leƙa Universal Dependencies, taskar jimlolin da aka fayyace gininsu a harsuna sama da 100, wadda take zaune a GitHub tana fitar da sabon bugu sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba. Akwai Hausar Adar da Hausar Zariya a ciki, daga aikin Bernard Caron. Tsarin fayilolinsu kalma ɗaya ce a kowane layi da ginshiƙai goma, masu gyara kuma suna aiki a reshe dabam da wanda ake wallafawa.

Abin da ba ya shiga rumbu

Git ba ya mantuwa, wannan kuwa yana da haɗarinsa. Fayil ɗin da aka share yau yana nan cikin zangon jiya, duk wanda ya sami rumbun zai iya fito da shi. Saboda haka sunayen masu magana da lambobin wayarsu da takardun amincewarsu ba sa shiga ko sau ɗaya. A jerin kalmomi a yi amfani da alama irin M01 da M02, takardar da take fassara alamomin kuma ta zauna a wurin mai duba aiki. Tsohuwar da ta yarda ta faɗi sunayen kayan ɗakinta ga ɗalibi ba ta yarda a baza sunanta da ƙauyenta a duniya ba. Haka kalmar sirri ta kowane asusu. Rumbun ya zauna a rufe har sai an tantance abin da ya halatta a buɗe.

Faifan murya ma waje yake zama, amma don nauyi. Minti ɗaya na sautin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10, GitHub kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100. A ajiye faifan a ma'aji biyu dabam-dabam, a sa jerin sunayensu da ranakun ɗauka a cikin rumbu, yadda kowace kalma za ta iya nuna faifan da ta fito daga ciki.

Ranar miƙa kundi, a buga git tag kundi-1 a kan zangon da aka fitar da alƙaluman daga gare shi, a rubuta wannan suna da lambar zangon a babin hanyoyin bincike. Idan mai jarrabawa ya tambayi inda aka samo adadin kalmomin aro da ke babi na huɗu, sai a koma wannan zango, a sake gudanar da umarnin a gabansa. Ɗaliban shekara mai zuwa da za su je Kelle ko Tanut su ɗora daga lambar da aka tsaya.